Ɗurar 'Yan Mata a Sahara: Daga Ƙwaryar Nono Zuwa Ƙwayar Kemis

Ɗurar 'yan mata al'ada ce ta cika wa yarinya ciki da abinci fiye da ƙima, ko tana so ko ba ta so, har jikinta ya cika ya batse kafin a kai ta ɗakin miji. An fi saninta a yammacin Sahara, tsakanin Larabawan Hasaniyya na Muritaniya da kudancin Maroko da arewacin Mali, da wasu rukunan Buzaye, da Larabawan Azawak na Jamhuriyar Nijar. A Muritaniya lebluh ake ce mata. Ta sha bamban da ɗurar kunu da ake yi wa jariri a ƙasar Hausa, domin ita sai yarinya ta yi wayo ake fara ta, shekaru ake ɗauka ana yi, kuma ƙibar da ake nema ita ce wadda za ta sa tashi da tafiya su zama wa mace aiki.

Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun wannan al'ada ta fito ne daga matafiyin nan ɗan Tanja, Ibn Battuta. A shekarar 1353 ya taso daga Gao ya nufi Takedda, garin tagulla da ke yamma da Agadas ta yau, sai ayarinsu ya ratsa ƙasar wasu makiyaya da ya kira Bardama. Ya ruwaito cewa ayari ba ya wucewa sai da kariyarsu, kuma kariyar da mace ta bayar ta fi ta namiji ƙarfi a wurinsu. Ya yaba kyawun matan, ya kuma ce duk yawon da ya yi bai taɓa ganin masu ƙibarsu ba. Abincinsu, in ji shi, nonon shanu ne da dakakken gero ɗanye da ake damawa da ruwa, suna sha safe da yamma. Duk wanda ya san gumba ya gane abin da ake nufi. Ibn Battuta bai ambaci tilas ba, amma ya haɗa abubuwa uku da suka ci gaba da tafiya tare har ƙarni na 20: nono, da ƙiba, da darajar mace a cikin danginta.

Bayanin tilas ɗin ya zo daga baya. A shekarar 1796 Mungo Park, Baturen da ya ƙare rayuwarsa a Busa bayan shekara goma, ya shafe watanni a tsare a hannun Ali, sarkin Larabawan Ludamar, a yankin da ke kan iyakar Mali da Muritaniya a yau. A littafinsa na 1799 ya bayyana yadda iyaye mata ke sa 'ya'yansu cin kuskus mai yawa da shan babbar ƙwaryar nonon raƙumi kowace safiya, da yunwa ko babu. Ya ce ya ga yarinya zaune tana kuka da ƙwarya a bakinta fiye da awa guda, uwarta na tsaye a kanta da sanda. Ya kuma ce a ganin mutanen, macen da ta isa a kira ta kyakkyawa ita ce wadda ba ta iya tafiya sai bayi sun tallabe ta. Park fursuna ne mai jin haushin waɗanda suka tsare shi, don haka ana karanta shi da hattara. Sai dai Bafaranshe René Caillié, wanda ya zauna cikin Larabawan Barakna a 1824 yana koyon harshe da addini, ya ba da labari mai kama da wannan, inda bayi mata ke tsare 'yan matan gidan su matsa musu su shanye nono.

Dalilin al'adar yana cikin tsarin rayuwar makiyayan hamada. A ƙasar da ruwa ke zuwa na 'yan makonni, yunwa kuma ke iya zuwa kowace shekara, dukiya ita ce dabba, amfanin dabba kuma nono ne. Nono ba ya ajiyuwa. In damina ta yi kyau taguwoyi da shanu suka cika hantsa, abin da ya wuce buƙatar gida ko dai a sha shi ko ya lalace. Jikin 'yar gida shi ne wurin da wannan rarar ke taruwa, kowa yana gani. Baƙon da ya shigo tanti ya ga budurwa ta cika tabarma, ya san ubanta yana da garke, yana da masu kiwon garken, yana kuma da barorin da suka ɗauke wa 'yarsa daka da ɗiban ruwa da kafa tanti. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Al'ummar Larabawan Sahara ta kasu mataki-mataki: mayaƙa, da malamai, da masu biyan gaisuwa, da maƙera, da 'yantattun bayi da ake kira haratin, da bayi. Ɗura ta 'ya'yan manya ce. Ƙibar 'yar gata ta tsayu ne a kan ramar baiwar da ke yi mata aiki, kuma wannan ɓangare ne na tarihin da ba ya cikin waƙoƙin yabon kyawun matan.

Bayan dukiya akwai batun aure da mutunci. Bayani mafi zurfi a kan wannan ya fito ne daga Nijar. Rebecca Popenoe, masaniyar al'adun ɗan'adam, ta zauna cikin Larabawan Azawak a arewacin jihar Tawa, ta kuma wallafa littafinta a 2004. Ta nuna cewa ana fara ɗura ne idan yarinya ta fara famfara, wato wajen shekara biyar zuwa bakwai, a hannun kaka ko goggo ko wata dattijuwa mai tsanani, tunda uwa kan ji tausayi ta sassauta. Ana yi har ta balaga, daga nan kuma ita da kanta take ci gaba. Abin da ake so a gani shi ne damatsa masu reto, da cinyoyi masu kauri, da mazaunai, da ninkin nama a ƙugu, da kuma nankarwa, wadda matan wasu ƙasashe ke ɓoyewa amma a nan ado ce da ake alfahari da ita. Namiji kuwa ana son sa siriri mai zafin nama, mai tafiyar nesa. A fahimtar Popenoe, ƙiba tana sa mace ta zama abin sha'awa, tana kuma zaunar da ita wuri guda, ta nauyaya mata ƙafa, ta yadda sha'awar ba za ta fita daga da'irar dangi da aure ba. Iyaye kuma sun lura cewa yarinyar da aka ɗura tana saurin zama mace, don haka tana saurin auruwa.

Yadda ake yi bai canja sosai ba tsawon ƙarnuka. Lokacinsa damina ce da kaka, sa'ad da nono ya wadata. Ana tashin yarinya da asuba a ba ta, a sake ba ta da rana, a kuma tashe ta cikin dare. Ana haɗa nonon da gero ko kuskus da man shanu. Ana hana ta guje-guje da wasa. In ta ƙi, akwai mintsini da lanƙwasa yatsu, a Muritaniya kuma akwai wasu 'yan sanduna biyu da ake matse mata yatsun ƙafa da su, wai zafin yana kawar da tashin zuciya. Mata da yawa da aka yi wa sun ba da labarin cewa in suka yi amai sai a sake cika ƙwaryar. Waɗanda suka yi wannan aiki ba su ɗauke shi mugunta ba. A wurinsu barin 'ya ta tashi a rame shi ne rashin gata. Amma niyyar kaka ba ta rage wa 'yar shekara shida azabar da ta sha, kuma an samu yaran da suka shaƙe a wajen ɗura.

Akwai al'adu masu kama da wannan a wasu sassan Afirka, sai dai kowace da manufarta. Efik na Kalaba da maƙwabtansu Ibibiyo suna killace budurwa na watanni kafin aure, a ciyar da ita, a koya mata zaman gida da rawa da girki. Zabarmawan Nijar suna da hangandi, inda matan aure ke ƙibantar da kansu su fito gasa. Waɗannan na ɗan lokaci ne, kuma galibi baligai ne ke yi. Ta Sahara ta fita daban domin tun ƙuruciya ake kama jiki, ba a kuma sakinsa.

Abin da ya girgiza al'adar shi ne fari. Lokacin da Muritaniya ta sami 'yancin kai a 1960, yawancin mutanenta makiyaya ne masu yawo, Nuwakshot kuma ɗan ƙaramin gari ne da aka fara ginawa don ya zama babban birni. Farin 1968 zuwa 1974, da na farkon shekarun 1980, sun kashe garkuna daga gaɓar Atlantika har Azawak da Abzin. Zuwa ƙidayar shekarar 2000, makiyaya masu yawo sun koma kimanin kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. An soke bauta a hukumance a 1981, aka mai da ita laifi a dokar 2007, ko da yake saiwarta ba ta gama mutuwa ba. Wato ginshiƙan ɗura guda biyu, nonon banza da hannun bayi, duk sun raunana. Amma idon da ya saba ganin kyau a ƙiba bai canja da saurin da garke ya ƙare ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Muritaniya a 2000 zuwa 2001 ya gano cewa kimanin mace ɗaya cikin biyar 'yan shekara 15 zuwa 49 an yi mata ɗura, kuma adadin ya fi yawa a tsakanin manyan mata fiye da 'yan mata.

A birni kayan aikin suka sauya. Shinkafa da taliya da burodi da man gyaɗa da madarar gari suka maye gurbin nonon taguwa. Shayi mai kaurin sukari, wanda ya bazu a Sahara ta hanyar fataken Maroko a ƙarni na 19, ya zama abin sha sau da dama a wuni. Sai kuma ƙwayoyi: sifirohebtadin, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki, da dangin kotizon irin su dekzametazon, har da waɗanda aka yi don dabbobi. Suna da araha, ba a tambayar takardar likita a kasuwa, kuma abin da ƙwarya ke yi a shekaru suna nuna alamarsa cikin makonni. Ba kaka ke tsare yarinya yanzu ba. Budurwa ce da kanta ke saye tana sha a ɓoye kafin biki. Wannan salo ya wuce iyakar Sahara. A kasuwannin arewacin Najeriya da Nijar an san ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda amare da masu jego ke nema don jiki ya ciko.

A cikin ƙarnin da wannan sauyi ya faru, likitoci a wasu ƙasashe suna gano cewa kitse ba iri ɗaya ba ne. Tun 1923 wani likita ɗan Siwidin, Eskil Kylin, ya lura cewa hawan jini da hawan sukari da ciwon gaɓoɓin da ake kira gawut suna yawan haɗuwa a jikin mutum guda. A 1947 Jean Vague, likita a Marsai ta Faransa, ya raba ƙiba gida biyu: ta sama, mai taruwa a ciki da wuya da kafaɗu, wadda ta fi yawa ga maza, da ta ƙasa, mai taruwa a mazaunai da cinyoyi, wadda ta fi yawa ga mata. Ya ce ciwon sukari da toshewar jijiyoyin jini sun fi bin ta sama, ko a jikin mace ne. An yi shekaru ba a kula da maganarsa ba. Sai a 1982 Ahmed Kissebah da abokan aikinsa a Milwoki ta Amurka suka nuna cewa mata masu ƙibar sama suna da manyan ƙwayoyin kitse a ciki, kuma jikinsu ba ya iya sarrafa sukari da kyau. A 1984 aka fitar da sakamakon bin diddigin mata 1,462 na shekara 12 a birnin Gotenbog na Siwidin: girman ƙugu idan aka gwada shi da faɗin mazaunai ya fi nauyin jiki nuna wadda za ta gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A 1988 Gerald Reaven na jami'ar Stanford ya ɗaure waɗannan larurori da igiya guda, wato ƙin jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka.

Gungun larurorin nan shi ake kira metabolik sindirom a yau. Bisa ma'aunin da masana a Amurka suka fitar a 2001, ana cewa mace tana da shi in ta haɗa uku daga cikin alamu biyar: ƙugun da ya wuce santimita 88, hawan jini daga 130 bisa 85, yawan maiƙon tiragilisarid a jini daga 150, ƙarancin kolestarol mai amfani ƙasa da 50, da hawan sukari kafin karin kumallo. Kowace alama ita kaɗai tana iya zama ƙarama, mai ita ba ta jin ciwon komai. Haɗuwarsu ce ke share hanya ga ciwon sukari da ciwon zuciya.

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin fiɗar ragon layya ya ga bambancin da ake magana a kai: akwai kitsen da ke ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ya lulluɓe tumbi da hanji. A jikin mutum ma haka yake. Na ƙarƙashin fata, musamman na cinya da mazaunai, ma'aji ne mai riƙe abin da aka ba shi, ba ya saurin sakinsa cikin jini, kuma sinadarin mata na istirojin yana karkatar da kitse can a shekarun haihuwa. Na cikin ciki kuwa mai motsi ne, kuma jinin da ya fito daga gare shi kai-tsaye hanta yake zuwa. Hanta in ta cika da maiƙo sai ta daina jin insulin, ta riƙa zuba sukari da maiƙo cikin jini ba ƙaƙƙautawa. An kuma gano cewa kitse gaɓa ce mai aika saƙo. A 1994 Jeffrey Friedman na jami'ar Rockefeller ya gano leptin, sinadarin da kitse ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar jiki da shi. Leptin na cikin abubuwan da ke ba jiki izinin balaga, kuma wannan ya dace da abin da dattijan Azawak suka daɗe da lura da shi game da saurin girman yarinyar da aka ɗura. Ba da jimawa ba aka gano adifonektin, wanda ke taimaka wa aikin insulin, kuma yake raguwa idan kitsen ciki ya ƙaru. A 2003 aka nuna cewa idan ƙwayoyin kitse suka kumbura fiye da ƙarfinsu, ƙwayoyin garkuwar jiki kan yi musu dafifi, su haifar da wani kumburi na ɓoye da ba ya warkewa.

Wannan ne ya bayyana abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai game da mata masu matsananciyar ƙiba, waɗanda ma'aunin nauyi da tsawonsu ya kai 40 ko ya wuce. Za a ga biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya tana fama da sukari da hawan jini, ɗaya kuwa jininta lafiya lau. Binciken da aka yi a Laifzig ta Jamus a 2010, kan mutanen da ma'auninsu ke wajen 45, ya nuna cewa masu matsalar sun fi yawan kitsen ciki da na hanta, ƙwayoyin kitsensu sun fi girma, kumburin ɓoyen ya fi yawa, adifonektin ɗinsu kuma ya fi ƙaranci. Wani gwaji na 2004 a Amurka ya tunkari batun ta ɗaya gefen: an zuƙe wa mata 15 masu ƙiba kimanin kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fatar ciki ta hanyar tiyata, amma sukari da hawan jini da jin insulin ba su gyaru ba, domin ba a taɓa na cikin ba. A Sahara ma an ga alamar haka. Binciken da Rguibi da Belahsen suka yi kan mata 249 a birnin Layun ya sami kusan rabinsu da ƙiba, amma kimanin ɗaya cikin shida ce ta cika sharuɗɗan gungun larurorin.

Wannan ba wanke ɗura ba ne. Ma'ajin ƙarƙashin fata yana da iyaka, kuma yarinyar da aka fara cika shi tun tana shekara shida za ta kai iyakar da wuri. Idan al'adar wata-wata ta ɗauke wa mace, istirojin ya ragu, kitse yakan koma ciki. Wani babban bincike kan ma'aikatan jinya mata fiye da 90,000 a Amurka, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu ƙibar da jininsu ke lafiya sun rasa wannan lafiya cikin shekara 20. Sannan akwai nauyin kansa: gwiwoyi da ke lalacewa, numfashi da ke yankewa cikin barci, sukarin masu ciki, hawan jinin da ke kai ga jijjiga, da doguwar naƙuda mai ƙarewa a tiyata. Matsananciyar ƙiba tana kuma rikita al'adar wata-wata da fitar ƙwan haihuwa, ta yadda abin da aka yi don gaggauta aure yana iya jinkirta samun ciki.

Ƙwayoyin zamani kuwa sun fi ƙwarya illa ta fuskar da ilimin kitse ya fayyace. Tun 1932 Harvey Cushing ya siffanta abin da ke faruwa ga jikin da sinadarin kotizol ya yi masa yawa: fuska ta zama da'ira, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, fata ta yi laushi ta tsage, ƙashi ya yi rauni, sukari da jini su hau. Dekzametazon yana yin wannan aikin ne da ƙarfin da ya ninka na kotizol sau da yawa. Yana cinye tsokar cinya, ya tura kitse daidai inda ya fi haɗari, ya tara ruwa a jiki, ya kuma raunana garkuwa. Mai shan sa ba ta samun surar da kakanninta suka yaba. Ƙibar sama take samu, irin wadda Vague ya yi gargaɗi a kanta. Barinsa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha shi ma haɗari ne, domin gaɓoɓin da ke saman ƙoda sun riga sun daina samar da nasu kotizol, jini na iya faɗuwa har ya kai ga rasa rai. Janye shi sai a hankali, a hannun likita.

Tun farkon shekarun 2000 hukumomin Muritaniya da ƙungiyoyin mata suka shiga wayar da kai ta rediyo da talabijin. Aminatu Mint al-Mukhtar, shugabar ƙungiyar mata masu riƙe da gidaje, tana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, tana danganta ɗura da aurar da ƙananan yara. Dokar iyali ta 2001 ta sa shekara 18 a matsayin shekarun aure, ko da yake ta bar wa waliyyi ƙofa. Makarantar boko, da tashoshin tauraron ɗan'adam, da ganin iyaye mata suna jinyar sukari sun sauya ra'ayin matasan birni, har ana ganin mata cikin mayafinsu suna zagaya filin wasa na Nuwakshot da yamma don rage jiki. Ɗurar sanda da ƙwarya ta ja baya zuwa ƙauyuka da rugagen gabashi da tsakiyar ƙasar, inda har yanzu ake samun ta idan damina ta yi albarka, yayin da ƙwayoyin ƙiba ke ci gaba da samuwa a kasuwannin birane daga Nuwakshot zuwa Yamai da Kano.